Masu Keke, Mu Daina Bin Hannun da Ba Namu Ba

Na karanta duk sharhin da aka yi a ƙarƙashin abin da na wallafa ranar Talata game da dattijon nan mai kai burodi da ya faɗi a titin BUK, tsakanin Ƙofar Famfo da Gadon Ƙaya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da yadda kusan kowa ya tattara laifin ya jibga wa ɗan adaidaita sahun da ya taka kayansa. Ina bayan dattijon a kan nawa keken lokacin da abin ya faru, don haka ina faɗa ba tare da shakka ba cewa ɗan'uwanmu mai keke ne ya kayar da shi. Matashin da ya taho ta hannun da ba nasa ba, ya manne da bakin kwalbati, ya ƙi kaucewa, har ya tilasta wa mutumin da ya yi jika da shi karkata cikin titi da lodin burodi a kariya, shi ne mai laifi. Ɗan sahun ya taka birki iyakar ƙarfinsa, ya fito ya taya mu tsince burodin yana ta cewa "Sannu Baba, ba ka ji ciwo ba ko?" Shi kuwa matashin ko waiwaye bai yi ba.

Mu masu zuwa aiki a kan keke a Kano mun saba da kuka da masu mota, da 'yan sahu, da direbobin tifa, kuma kukanmu yana kan gaskiya. Amma akwai cutar da muke yi wa junanmu kullum safiya da maraice wadda ba ma son a ambata, ita ce saɓa hannu. Duk faɗin titin Zariya, duk faɗin titin Katsina ko na Zoo, abin da ya rage wa mai keke bai wuce taku ɗaya ba a can gefe, tsakanin tayar mota da bakin magudanar ruwa, kuma a cikin wannan takun akwai yashi, akwai fasassun kwalabe, akwai teburin mai kayan marmari da ya ɗan leƙo. Wannan ɗan wuri ba ya ɗaukar keke biyu masu fuskantar juna. Idan suka haɗu, dole ɗaya ya fita cikin motoci, kuma a nan ne zaluncin yake, domin kusan kullum mai gaskiya ne yake fita.

Ku lura da yadda abin yake faruwa. Wanda ya saɓa hannu yana kallon motocin da ke tahowa ido da ido, saboda haka tsoro yana sa shi ya rungume gefen titi, ba zai matsa ko kamu ɗaya ba. Wanda yake kan hannunsa kuwa motocin suna bayansa, ba ya ganin su, ba shi da madubi, kuma shi ne ake tura wa cikinsu. Wato mai laifi ya riƙe wurin tsira, mai bin doka ya shiga bakin haɗarin da bai ma san girmansa ba. Ba shi da lokacin waiwaye, domin idan kowannensu yana tafiyar kilomita 15 a awa, to da gudun kilomita 30 suke tunkarar juna, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana ƙarewa kafin mutum ya gama tunanin abin yi. Idan a kariyarsa akwai jarkoki, ko buhun gawayi, ko yaron da yake kaiwa makaranta, ƙaramar karkata ta isa ta kayar da shi. Wannan shi ne abin da nake kira zalunci, kuma ban ga wani suna da ya fi dacewa da shi ba.

Wasu sun rubuto mini cewa su da gangan suke bin wancan hannun, wai gara su riƙa ganin motar da ke zuwa da a banke su ta baya. Wannan shawara ta mai tafiya a ƙafa ce a hanyar da ba ta da gefen tafiya, kuma ta dace da shi ne saboda da taku ɗaya zai iya tsallakewa ya bar titi. Mai keke ba zai iya ɗaga keke da lodi ya haye dakalin titi cikin ƙiftawar ido ba. Lissafin ma ba ya goyon bayansu. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, kai kana 15 a hannu ɗaya da ita, da bambancin 35 take cim maka, direba yana da sararin ganin ka ya rage gudu ko ya kauce. Idan kuwa ka tunkare ta, gudun ya haɗu ya zama 65. Ganin motar bai ƙara maka komai ba sai sanin abin da zai buge ka.

Akwai kuma abin da masu wannan hujja ba sa tunawa. Tun watan Afrilun 1972 da aka yi canjin hannu a Najeriya muke tuƙi ta dama, kuma duk direban da zai fito daga lungu ya shiga babban titi, hagu yake dubawa, domin daga can motoci suke zuwa. Haka mai tsallaka titi da ƙafa, haka uwar da ta riƙo hannun 'ya'yanta, haka makaho da ɗan jagoransa. Mai keken da ya saɓa hannu yana ɓullo musu ne ta dama, ta inda babu wanda yake tsammanin wani abu, kuma ba shi da ƙarar inji da za ta sanar da zuwansa. Sau da yawa na ga an yi karo a bakin lungu an taru ana zagin mai mota, alhali mutumin ya duba inda ya kamata ya duba.

Hujja ta biyu ita ce wai kwana ya yi nisa. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Tun da aka raba manyan titunanmu biyu aka sa shinge a tsakiya, aka haƙa gadar ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa, aka ɗaga gadar sama a Ƙofar Nassarawa da Dangi, an rufe mararraba da yawa da muka saba yankewa ta cikinsu, kuma zagayen da mai mota zai yi da ɗan taɓa totur, mai keke da guminsa yake biyan sa, musamman a zafin watan Afrilu. Masu zana waɗannan tituna ba su tuna da mu ba. Amma wannan bai ba kowa izinin sayen sauƙinsa da ran wani ba. Idan inda za ka yana baya kaɗan kuma ba za ka iya zagaye ba, ka sauka ka ja kekenka da hannu, ka zama mai tafiya a ƙafa, ka bar wa masu tahowa hanyarsu. Minti biyu ko uku ne. Wanda ya ga minti uku sun fi ƙashin ƙugun dattijo daraja, ba nisan kwana ne matsalarsa ba.

Hujjar da ta fi ɓata mini rai ita ce ta masu cewa a bar yaron, talaka ne, neman abinci ya fito. To shi dattijon fa, yawon shan iska ya fito? Burodin da ke kariyarsa ba nasa ba ne, ɗaukowa ya yi daga gidan burodi, da yamma zai je ya yi lissafi, kuma duk wanda aka taka a cikin ɗan abin da zai samu za a cire. Wanda mai saɓa hannu yake turawa cikin titi ba mai jif ba ne, ba mai ofis mai sanyi ba ne. Lebura ne da zai tafi Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, maigadi ne da ya kwana bai runtsa ba yana komawa gida, malamin firamare ne, mai kawo ganye daga lambu ne, yaro ne mai zuwa Islamiyya. Talauci bai taɓa zama lasin cutar da talaka ba, kuma ina roƙon masu tausayin da suka cika mini sharhi su juya tausayin nasu wajen wanda ya kwanta a ƙasa.

Sai masu cewa ai masu babur ma suna yi, 'yan sahu ma suna yi, har da manyan motoci masu jiniya. Suna yi, kuma laifi ne. Amma Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ba ni da iko da mai jiniya, ba ma haɗuwa da shi a rumfar mai faci. Waɗanda nake gani kullum, muke gaisawa a bakin danja, muke jingine kekunanmu wuri ɗaya a ƙofar masallaci, su nake yi wa magana. Kuma a cikin duk masu saɓa hannu, na keke ne kaɗai yake shigowa daidai cikin wannan taku ɗaya da muke da shi. Mota idan ta saɓa hannu kowa yana ganin ta daga nesa, ana yi mata ihu. Keke kuwa sai ya iso gabanka, ya ɓullo daga bayan adaidaita sahun da ya tsaya ɗaukar fasinja.

Gefen titin nan bai taɓa cunkushewa kamar yanzu ba, kuma an san dalili. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa, sai sufurin cikin gari ya koma hannun adaidaita sahu, su kuwa a gefe suke tsayawa su ɗauka su sauke, a daidai layin da muke bi. Sannan ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Mutane da yawa suka jingine babur, wasu suka rufe mota da tamfol, aka kakkaɓe tsofaffin kekunan da ke rataye a zaure. Ni na yi murna da zuwansu, har yanzu ina murna, domin yawanmu yana sa direbobi su saba da ganin mu. Sai dai wasunsu sun zo da halin babur a kan keke, da kutse, da gaggawa, da toshe kunne da abin sauraron waƙa, kuma babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu cewa hawa keke a cikin gari yana da ladubbansa. Kada kuma a ce sababbi kaɗai nake nufi, domin akwai masu ruwan leda da suka shekara da shekaru a kan titi, suna saɓa hannu da lodin da ya fi kekensu faɗi, kuma idan ka yi magana su ce maka "Malam, matsa mana," kamar kai ne ka shigo musu.

Ladubban da nake magana a kai ba ni na ƙirƙiro su ba, a kan titi na same su, kuma har gobe akwai masu riƙe da su. Wanda ya taɓa fitowa bayan sallar asuba a lokacin hunturu ya bi titin Katsina daga Kurna ko Rijiyar Lemo zuwa cikin gari ya san abin da nake nufi. Za ka tarar da jerin masu keke, kowa ya naɗe kai da rawani ko hular sanyi, ana tafiya a layi ɗaya ba tare da wani ya tsara ba. Mai son wucewa zai kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, ya bi ta hagunka, ya yi maka sallama, idan dattijo ne kai ya ce "Baba, an tashi lafiya?" ko da bai taɓa ganin ka ba. Na gaba idan ya ga rami ko buɗaɗɗen kwalbati yakan nuna da hannu don na baya ya kauce. Idan sarƙarka ta zame ka tsaya, da wuya keke uku su wuce wani bai rage gudu ya tambaye ka ko lafiya ba. Idan tayarka ta sace, akwai mai ciro famfonsa ya miƙa maka ya tsaya yana jira, alhali shi ma aiki zai je, sannan ya kwatanta maka inda mai faci mafi kusa yake zama. A hawan fitowa daga gadar ƙasa na sha ganin mai keke ya sa hannu ɗaya a bayan keken guragu yana turawa har sai sun kai tudu, ya sake shi ya wuce, godiya ma daga baya take cim masa.

Wannan zumunci shi ne abin da ya sa nake ƙaunar zuwa aiki a kan keke duk da ƙura da hayaƙi da rana. Mai mota yana cikin gilashi, bai san wanda ke kusa da shi ba sai ta hanyar oda. Mu kuwa fuskokinmu a buɗe suke, muna jin numfashin juna a hawan tudu, mun san wanda yake fitowa da wuri da wanda ya kwana biyu bai fito ba, har mukan tambaya ko lafiya, ba tare da mun san sunansa ba. Mutumin da ya saɓa hannu yana rusa wannan ne. Yana mayar da ɗan'uwan tafiya abin tsoro, yana sa ka riƙa hango mai keke daga nesa gabanka yana faɗuwa maimakon ka shirya amsa sallama. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan, ya fi mini ciwo fiye da odar tirela a bayan kunne.

Mu Musulmi ne mafi yawanmu a wannan gari, kuma ba mu da uzurin jahilci a nan. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya su ba hanya haƙƙinta, kuma a cikin haƙƙoƙin da ya lissafa akwai kame cuta daga mutane da amsa sallama. A wani hadisin ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Idan ɗauke ƙaya daga hanya ibada ce, mene ne matsayin wanda ya mayar da kansa abin da ake kaucewa? Mutum ya fito daga sahun asuba, inda bai yarda kafaɗarsa ta goce daga ta ɗan'uwansa ba, sannan ya hau keke ya tunkari wannan ɗan'uwan ya tura shi gaban mota. Ina roƙon limamanmu su taɓa wannan batu a wa'azinsu, domin haƙƙin mutane ne, kuma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai.

Wasu suna jiran ranar da za a ware mana layinmu a titi kamar yadda ake gani a Holan. Ni ma ina fata. Amma a 2001 ministan sufuri na tarayya, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya dage yana kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan kekensa, kuma shekaru sama da ashirin bayan haka manyan titunan da muke bi a Kano ba su da layin keke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, akan yi ɗan zagaye a ɗauki hoto, washegari mu koma gefen kwalbati. Ko da an shata mana layin gobe, idan rabinmu suna bin sa ta gaba rabi ta baya, a cikinsa za mu riƙa karo. Kuma da wane baki za mu je gaban hukuma mu nemi a mutunta mai keke, alhali duk direban da ke wurin yana da labarin mai keken da ya ɓullo masa ta inda bai dace ba?

Ga abin da nake yi, kuma nake roƙon kowane mai keke ya riƙa yi. Idan ka hango mai saɓa hannu ya tunkaro ka, kada ka karkata cikin titi ko da wasa. Ka kama birki, ka matsa jikin dakali, ka sauke ƙafa ka tsaya cak a hannunka. Shi da yake ganin motoci, shi ya san yadda zai yi da su, ko ya sauka ya ja kekensa. Sannan ka yi masa magana, ba da zagi ba, ka ce "Ɗan'uwa, nan ba hannunka ba ne." Wasu za su harare ka, wasu za su ce ina ruwanka, amma na ga waɗanda suka ji kunya suka sauka. Idan kowa ya daina buɗe musu hanya, saɓa hannu zai daina zama gajeriyar hanya. Iyaye kuma da suke saya wa yara keken zuwa makaranta, su bi su a baya ko sau ɗaya su ga ta inda suke bi, domin yawancin yaran da nake haɗuwa da su a hannun da ba nasu ba, babu wanda ya taɓa gaya musu cewa keke yana da hannu. Masu faci ma suna da bakin magana, tunda babu mai keken da ba ya zama a bencinsu.

Tun da na ambaci masu faci, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da kekunan da ake sayarwa yanzu. Tsofaffin Raleigh, wanda a da har masana'anta yake da ita a Bompai, da Phoenix na ƙasar Sin da iyayenmu suka hau, da ƙararrawarsu suke zuwa, da fitila mai aiki da juyawar taya, da abin ƙyalli a baya. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, har lasin ake yanka wa keke, kuma dattawa suna ba da labarin yadda ake tare mutum idan ya hau da dare babu fitila. Kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su yanzu suna da gudu da sauƙin hawa, amma da yawansu haka ake miƙa wa mai saye tsirara, babu ƙararrawa, babu fitila, wani ma birkin baya ba ya kamawa. Bayan magariba, a titin da fitilunsa suka mutu, ba ka sanin akwai keke a gabanka sai ka ji ƙarar sarƙarsa. Masu sayar da keke su daina barin keke ya fita daga shagonsu babu ƙararrawa da fitila, su haɗa kuɗin a cikin farashi, mai saye ba zai fasa ciniki saboda wannan ɗan ƙari ba. Wanda kuma ya riga ya saya, ƙaramar tocilan mai caji da igiyar roba sun isa a ɗaura a kan keke kafin a samu ta gaske.